SAWUN DA YA ZAMA DUTSE: ZIYARAR GANDUN TOROTORO A ƘASAR BOLIBIYA

Duk hakimin da aka taɓa kawo wa ƙarar satar shanu ya san darajar sawu. In gari ya waye aka tarar garke ya ragu, abin da a ke fara yi shi ne a hana jama'a tattake wurin, sa'an nan a kira wanda ya iya bin sawu ya zo ya duƙa ya duba. Shi kuwa daga ɗan tabon da ke bisa ƙasa sai ya faɗi shanu nawa aka kora, da ko a guje aka tafi da su ko a hankali, da inda aka nufa da su, wani lokaci har ya ce akwai mai ɗingishi a cikinsu. Amma shaidar sawu ba ta da tsawon rai. In ruwa ya zuba, ko iska ta taso kafin mai duba ya iso, to, magana ta mutu.

A ƙasar Bolibiya, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani wuri a tsakiyar duwatsu inda sawu ya ƙi ɓacewa. Dabbobin da suka taka shi sun ƙare a duniya tun shekara miliyan 66 da suka wuce, bisa ga ƙiyasin masana ilmin ƙasa, amma har yau ga sawunsu nan dubbai bisa falalen dutse, yatsa da farce, kamar jiya suka wuce. Sunan wurin Torotoro. Gwamnatin ƙasar ta mai da shi gandun ajiya, mutane kuwa suna zuwa daga ƙasashe masu nisa su zaga shi da ƙafa. Wannan darasi zai bayyana yadda sawun ya samu, da yadda a ke karanta shi, da abin da baƙo ke tararwa in ya je, da kuma wuyar da ke cikin kiyaye abu irin wannan a ƙasar da talakawa ke noma.

Inda Torotoro ya ke

Bolibiya ba ta da bakin teku. Jerin manyan duwatsun nan da a ke kira Andis ya ratsa yammacinta daga arewa zuwa kudu, a cikin kwarurrukansa na gabas kuwa Torotoro ya ke. Ƙaramin gari ne a arewacin jihar Potosi, cikin lardin Carkas. Ko da ya ke Potosi ke mulkinsa, ba ta can a ke bi a je shi ba. Ta birnin Kocabamba a ke bi, tafiyar mil 86 ko kusa da haka. A da hanyar jeren duwatsu ce da ƙura, ta kan ci sa'a 5 ko 6 a mota. Tun da aka gyara ta, sa'a 3 ta isa. Mota ta kan gangara har kwarin kogin Kaine, inda a ke zafi, ana noman lemo da gyaɗa, sa'an nan ta sake hawa tana kewaya jikin dutse. Bai kamata a wuce gyaɗar nan ba a ce kome ba, gama asalin gyaɗa daga wannan sashi na duniya ne, wajen kudancin Bolibiya da arewacin Ajantina. Haka kuma dankalin da a ke ce wa na Turawa, a duwatsun Andis aka fara nomansa.

Garin yana bisa tudu mai tsawon ƙafa 8,800 daga bakin teku. Jos, da a ke kuka da sanyinta, wajen ƙafa 4,000 ce kurum. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, watau Cappal Waddi na jihar Taraba, bai cika ƙafa 8,000 ba. Mutumin Torotoro da ke zaune a ƙofar gidansa ya fi wanda ya hau ƙololuwar wannan dutse nisa da teku ke nan.

Mazauna wurin galibinsu ƙabilar Kecuwa ne, suna jin harshensu, suna kuma jin Sifaniyanci, wanda shi ne harshen ofis da makaranta. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 10,000 a gundumar duka, yawancinsu a ƙauyuka. Suna noman masara da alkama da dankali, suna kiwon tumaki da awaki. An ce sunan garin daga harshen Kecuwa ya fito, ma'anarsa kuwa filin taɓo. Sunan ya dace fiye da yadda masu sa shi suka sani, kamar yadda za a gani nan gaba.

Ran 26 ga Yuli, 1989, aka kafa gandun da umurnin gwamnati, aka kuma tabbatar da shi da doka a 1992. Faɗinsa murabba'in mil 64 ne, watau wajen eka 41,000. Ƙarami ne ƙwarai in an gwada shi da Yankari, wanda ya ninka shi fiye da sau 13. Abin lura shi ne ba a tashi mutane ba. Ƙauyuka da gonaki da makiyaya duk suna nan a cikinsa, daga nan kuwa yawancin wahalar mulkinsa ta samo asali.

Dabbobin da suka bar sawun

Sunan da masana ke kiran waɗannan dabbobi dinoso. Wani masani mutumin Ingila, Richard Owen, shi ya ƙago sunan a 1842 daga kalmomi biyu na Girkanci, ma'anarsu ƙadangare mai ban tsoro. Don haka ne wasu ke ce musu kakannin ƙadangaru da Hausa. Sunan yana da daɗin faɗi, amma bai dace sosai ba, gama binciken da aka yi daga baya ya nuna kada da tsuntsu sun fi ƙadangare kusa da su. Tsuntsaye ma daga wani reshe nasu suka fito. Babu ɗan Adam da ya taɓa ganin manyan nan da rai.

Sawun iri uku baƙo ya fi saurin ganewa a Torotoro. Na fari na masu tafiya da ƙafa biyu ne, masu yatsa uku da faratai, waɗanda galibinsu nama su ke ci. Wanda ya taɓa duban sawun zabo a bakin rafi ya ga ƙaramin misalinsa. Na biyu na masu dogon wuya ne da doguwar wutsiya, masu cin ganye, waɗanda manyansu sun fi giwaye da yawa nauyi a haɗe. Sawunsu kewayayye ne mai zurfi, kamar an kafa gindin turmi cikin laka an ɗauke. Na uku na wasu gajeru ne masu faɗin jiki, masu sulken ƙashi a baya.

Ba sai an yi nisa a ke ganinsu ba. Da baƙo ya ƙetare rafin da ke bakin gari, a gindin dutsen da a ke kira Wailas, sai ya tarar da jerin sawun mai dogon wuya bisa wani falalen dutse da ya karkata. Mutanen dā na wurin sun san da su, amma sun ɗauka wasu dodanni ne masu ƙarfin da za su nutsa faratansu cikin tsagwaron dutse. Ba abin dariya ba ne, gama duk wanda ya ga farce a cikin dutse dole ya nemi dalili. Sai a 1968 wani masanin ilmin ƙasa, Leonardo Branisa, ya ba da labarinsu a rubuce, daga nan masu bincike suka fara zuwa.

Yadda laka ta zama dutse

Amsar dai ita ce, lokacin da aka taka wurin ba dutse ba ne, laka ce. Duwatsun Andis ba su tashi kamar yadda su ke yanzu ba tukuna. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, a bakin wani babban ruwa marar zurfi, wanda ya kan cika ya kan ja da baya. Dabbobi su kan bi gaɓarsa suna taka damshi.

Ba kowane sawu ke tsira ba. In lakar ta cika ruwa, da dabba ta cire ƙafa sai ramin ya rufe. In ta bushe ƙwarai, ba a ganin kome. Sai wadda ta yi daidai, kamar yumɓun da maginiya ta gama kwaɓawa, ita ce ke riƙe siffa. Sa'an nan tilas rana ta ɗan ƙanƙame ta, kana ruwa ya dawo a hankali, ba da ƙarfi ba, ya kawo wata laka ko rairayi mai laushi ya rufe sawun tun wani abu bai ɓata shi ba. Bisa wannan shimfiɗa wata ta sauka, bisa waccan wata, har shekaru dubbai a kan dubbai. Nauyin na sama ya danne na ƙasa, sinadarin farar ƙasa da ke cikin ruwan ya ɗaure ƙwayoyinsu kamar siminti, sai laka ta zama dutse, da sawun a ciki. Har zanen igiyar ruwa, irin wanda a ke gani bisa yashin kogi in ruwa ya janye, yana nan a jikin dutsen.

Sauran tambaya ita ce yadda gaɓar ruwa ta koma kan dutse, ta kuma karkata. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Manyan falle-falle ne masu motsi sannu sannu. Wanda ke ƙarƙashin tekun yammacin Amurka ta Kudu yana kutsawa ƙarƙashin ƙasar, wajen inci 3 a shekara. Abin kaɗan ne a ido, amma a shekaru miliyoyi shi ya tunkuɗo Andis sama, ya naɗe shimfiɗun dutse kamar yadda tabarma ke naɗewa in an tura ta da ƙafa. Garin Torotoro a cikin kwarin wannan naɗi ya ke, shi ya sa duwatsun da ke kewaye da shi suka jeru a karkace kamar haƙoran zarto. Daga bisani ruwan sama da iska suka yi ta zaizaye shimfiɗun sama har suka tono wadda aka taka. Saboda haka baƙon da ya ga sawu yana hawan gangaren da ko akuya sai ta yi dabara, kada ya zaci dabbar ta hau nan. A ƙasa sosai ta taka, ƙasar ce ta tashi daga baya.

Karatun sawu

Wurin da ya fi kowane yawan sawu a gandun shi ne filin da a ke kira Kareras Pampa. A watan Disamba na 2025 wata ƙungiyar masana, da Raul Esperante a kan gaba, suka buga sakamakon aikin da suka yi shekaru suna yi a can. A fili wanda bai cika eka 2 ba sun ƙidaya sawu 16,600 na masu yatsa uku, yawancinsu a jere cikin layi 1,321. Ba a taɓa ƙidaya kamar wannan a wuri ɗaya ba ko'ina a duniya. Bahaushe ya ce sawun giwa ya take na raƙumi. A nan abin ya tabbata a zahiri, gama a wurare da dama wani sawu bisa wani ya ke, har a iya faɗin wanda ya riga wucewa.

Malamin da ya saba da lissafi zai gane cewa sawu 16,600 ba dabba 16,600 ba ne. Wanda ya ƙirga sawun shanu a mashaya ya rubuta shi a matsayin yawan garke, ya yi kuskure babba. Dabba ɗaya tana iya barin sawu ɗari, tana kuma iya komowa gobe ta sake. Don haka layin sawu a ke ƙidaya, shi ma da hattara.

Yadda a ke fitar da girman dabba daga sawunta abu ne da kowane malami zai iya yi da takarda da fensir. Wani masani na Ingila, R. McNeill Alexander, shi ya tsara hanyar a 1976. A auna tsawon sawu, a ninka shi sau 4. Abin da ya fito shi ne kimanin tsawon dabbar daga ƙasa zuwa ƙugu. In sawun inci 10 ne, ƙugun inci 40 ke nan, watau ƙafa 3 da inci 4. Sa'an nan a auna tazarar taku, watau daga inda ƙafar dama ta sauka zuwa inda ita dai ƙafar daman ta sake sauka. In tazarar ba ta kai ninki biyu na tsawon ƙugu ba, dabbar tafiya ta ke yi. In ta kusa ninki uku ko ta wuce, gudu ta ke. Ga dabbar nan mai sawun inci 10, tazarar inci 70 tafiya ce, ta inci 120 kuwa gudu. Ƙiyasi ne, ba awon sikeli ba, amma an gwada shi bisa dabbobi masu rai an ga yana kusa da daidai.

Da aka bi wannan hanya a Kareras Pampa sai aka ga galibin dabbobin ba ƙatta ba ne kamar yadda a ke zana su. Yawancin sawun bai kai ƙafa ɗaya ba, wasu ma ba su kai inci 4 ba, watau masu su ba su fi kaza ko talotalo girma ba sosai. An ga inda dabba ta juya ba zato, da inda wutsiya ta ja ƙasa ta bar layi tsakanin sawaye. An ga yawancin layukan sun bi hanya ɗaya, tsakanin arewa maso yamma da kudu maso gabas, wasu suna tafiya wasu suna dawowa, abin da ya sa a ke zaton gaɓar ruwan su ke bi, kamar burtali. Abin da ya fi ban mamaki shi ne wasu tabo 1,378 waɗanda ba cikakken sawu ba ne, karce ne kawai na kan faratai. Masana sun fassara su da cewa na dabbobin da ke iyo ne: ruwa ya ɗauki nauyin jiki, sai farce kaɗai ke taɓa ƙasa yana tunkuɗawa.

Ƙashin dinoso kuwa da wuya a same shi a wurin. Irin yanayin da ke ajiye sawu ba shi ne ke ajiye ƙashi ba. Ƙashi yana nuna yadda dabba ta ke bayan ta mutu, sau da yawa ma a inda ruwa ya kai gawarta. Sawu kuwa yana nuna abin da ta yi da ranta, a daidai inda ta yi shi.

Tafiyar ƙasa

Mota tana kai baƙo bakin wasu wuraren, amma abin da ya kawo shi sai da ƙafa. Tafiyar da aka fi yi ita ce ta kwazazzabon Torotoro. A kan fita daga gari a bi wani busasshen rafi, a wuce wasu gadoji na dutse waɗanda ruwa ya fafe, ba hannun mutum ba, har a iso bakin kwazazzabon. Zurfinsa ya kai wajen ƙafa 800. An gina wata matsaya ta ƙarfe wadda ta fita bisa ramin, inda mai ƙarfin hali ke tsayawa ya leƙa ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa. Daga can a kan sauka ta matakala wajen 800 zuwa wani wuri da a ke kira El Berhel, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga jikin dutse yana zuba bisa gansakuka da ciyayi kore shar, alhali saman duk ƙeƙasasshe ne.

Saukar ba kome ba ce. Hawan shi ne aiki. A wannan tsawo iskar da mutum ke shaƙa ta gaza ta bakin teku da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka ƙaton da ke taƙama da ƙarfi a gida ya kan tsaya yana haki bayan matakala 50. Maganin abin shi ne mutum ya kwana biyu a Kocabamba jikinsa ya saba, ya yawaita shan ruwa, ya bar gaggawa. Mutanen ƙasar su kan tauna ganyen koka ko su dafa shi kamar shayi. Rana tana da ƙuna ko da ana sanyi, dare kuwa sai da bargo, musamman a Yuni da Yuli, gama ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, lokacin sanyinsu ke nan. Daminarsu daga wajen Disamba ne zuwa Maris. A lokacin hanya ta kan yi santsi, rafin da ke bushe da safe kuwa yana iya cika kafin azahar. Daga Afrilu zuwa Oktoba ne aka fi zuwa.

Wuri na biyu shi ne kogon Umahalanta, 'yan mil kaɗan daga gari, kusa da filin sawun nan. Sunan daga harshen Aimara ne, ma'anarsa ruwan da ke ɓacewa cikin ƙasa, gama rafi ne ya shige cikin dutsen farar ƙasa ya yi ta cinsa har ya fafe hanyoyi da ɗakuna. An auna fiye da mil 2 na hanyoyinsa. A bakin kogon a kan ba kowa hular kwano mai fitila a goshi. A ciki akwai inda a ke sauka da igiya, akwai inda sai an yi rarrafe, akwai inda sai an ja ciki. Mai jiki ƙwarai, ko wanda ƙuncin wuri ke firgita, gara ya tsaya a waje, ba abin kunya ba ne. A cikin tafkin da ke can ƙasa akwai wani ɗan kifi dangin tarwaɗa, fari-fari, wanda zaman duhu ya raunana idanunsa. An bayyana shi ga masana a 1968. Daga rufin kogon wasu tsiraye na dutse suna saukowa, waɗanda ɗigon ruwa ke ginawa, galibi ba su ƙaruwa da inci ɗaya ko a shekara 100. Da yawa an karye su. Baƙin dā ne suka ɓalle su don tsaraba, tun ba a sa ido bisa wurin ba.

Mai sauran ƙarfi ya kan hau zuwa Birnin Itas, mil 13 daga gari, a tsawon fiye da ƙafa 11,000. Ba birni ba ne. Jan dutse ne da ruwa da iska suka sassaƙa ya yi ɗakuna da ginshiƙai kamar soraye. Jagorori suna faɗin cewa ɓarayin shanu sun taɓa ɓoye dabbobi a ciki. A can ne aka fi sa ran ganin ƙatuwar ungulun Andis da a ke kira kondo, wadda faɗin fikafikanta ke kai ƙafa 10.

Dokar gandun, da dalilinta

Baƙo ba ya shiga gandun shi kaɗai. Da fari ya sayi tikiti a ofishin hukumar kula da gandayen ƙasa, wadda a ke taƙaita sunanta SERNAP. Tikitin yana aiki kwana 4. Sa'an nan ya je ofishin jagorori ya ɗauki ɗaya, galibi jagora ɗaya ga mutum 6. Jagororin 'yan garin ne da ƙauyukan kewaye. Wasu baƙi su kan yi gunaguni, su ce hanya a bayyane ta ke, kuɗin kuwa sun yi biyu. Amma dokar tana da dalili mai ƙarfi, har guda biyu.

Na ɗaya, sawun da ya yi shekara miliyan 66 a rufe ba shi da wannan ƙarfi in ya fito sarari. Ruwa yana shiga tsaga, sanyin dare da zafin rana suna buɗa ta, saiwar ciyawa tana ƙarasawa. In aka ƙara da takalmin mutum da kofaton dabba, abin ba ya daɗewa. Shekaru da yawa manoman wurin suna sussukar masara da alkama bisa falalen nan, don ba su da masussuka da ta fi su kyau, ba kuwa da nufin ɓarna ba. Masu fasa dutse sun fasa wasu shimfiɗun. Ko a shekarun baya-bayan nan ma'aikatan hanya sun kusa hallaka wani babban wurin sawu, sai da hukumar gandun ta sa baki. Misalin da ya fi tsanani yana Kal Orko, kusa da birnin Sukre a wannan ƙasa dai, inda haƙar dutsen siminti ta tono wani bango tsaye mai sawu fiye da 12,000. A 2010, bayan ruwa mai yawa, wani ɓangaren bangon ya rufto ya tafi da sawaye da dama, ba kuwa mai iya mayar da su.

Na biyu shi ne ya fi shafar mai mulki. Ma'aikatan gandun kaɗan ne, duwatsun kuwa da faɗi. Ba za a iya sa ɗan doka bisa kowane falale ba. In talaka ya ga gandun bai kawo masa kome ba sai hani, to, zai yi sussukarsa da dare, ya sayar wa baƙo gutsuren dutse a ɓoye. Amma in ɗansa jagora ne, ƙanensa yana tuƙa motar baƙi, matarsa tana sayar da abinci, sai ya zama shi ne mai tsaron da ba a biya. Tilasta ɗaukar jagora ɗan gari ita ce hanyar da kuɗin baƙo ke tsayawa a Torotoro maimakon su koma Kocabamba tare da shi. Wanda ya shiga garin yau zai ga gumakan dinoso a dandali, da masaukai da gidajen abinci masu ɗauke da sunayensu.

Duk da haka ba a ce rigima ta ƙare ba. Wanda gidansa ke cikin gari ya fi cin amfanin baƙi bisa wanda ke ƙauye mai nisa, alhali hanin ya hau kansu duka. Akwai kuma maganar wani babban aku mai jan goshi, wanda babu irinsa a daji ko'ina sai a kwarurrukan tsakiyar Bolibiya, yana sheƙa a jikin duwatsu. Ƙidayar 2021 ta sami guda 1,160 kacal a ƙasar duka. Ga masana abin tattali ne. Ga manomin kwarin Kaine ɓarawon masara da gyaɗa ne. Wanda zai ce wa manomin ya ƙyale shi, sai ya zo da abin da zai maye asarar.

Irin wannan a kusa da gida

Wannan magana ba ta Amurka ta Kudu kaɗai ba ce. A ƙasar Sakkwato akwai shimfiɗun dutse masu shekaru kusan ɗaya da na Kareras Pampa, daga zamanin da wani reshen teku ya rufe wannan yanki. A cikinsu aka sami ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da ƙadangare, wadda aka fara bayyanawa a 1930, aka kuma sa mata suna Goronyosaurus a 1972, don a ƙasar Goronyo aka tono ta. Ita ba dinoso ba ce, amma zamaninsu ɗaya. A Jamhuriyar Nijar kuwa, a Gadafawa cikin hamadar gabashin Agadas, wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya tono ƙasusuwan dinoso tun daga 1965, aka sa wa ɗaya suna Ouranosaurus a 1976. A filayen yammacin Agadas an sami layukan sawu bisa dutse, irin na Torotoro.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana mai unguwa ya kawo labarin wani dutse mai sawu, ko wani ƙashi mai nauyin dutse da zaizayar ruwa ta tono. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sare shi a kawo fada don a nuna. Sawun da aka ɓanɓare daga layinsa kamar shafi ne da aka yage daga littafin haraji: ana ganin rubutun, amma ba a san na wace unguwa ba ne ko na wace shekara. Ba tazarar taku, ba inda aka nufa, ba shimfiɗar da za ta nuna zamaninsa. Abin da ya kamata shi ne a bar shi inda ya ke, a kewaye shi da ƙaya don dabbobi, malami ya je da kansa ya rubuta sunan wurin da nisansa daga ƙauye, da yawan sawun, da tsawon kowane, da tazarar da ke tsakani, da kusurwar da suka dosa, sa'an nan a aika wa hukuma. In za a ɗauki hoto, a ajiye ma'auni ko sandar da aka san tsawonta a gefen sawun, a ɗauka da sassafe ko da la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da zurfinsa.